Yadda ake zaɓen hanyar sigina da matatar sauti yayin ƙera na'urar kiɗan lantarki

Duk wanda ya zauna da niyyar ƙera na'urar kiɗan lantarki irin wadda ake kira sintisaiza, ko da ƙaramin modul guda ne, wato sashe ɗaya na na'urar, da zai shiga akwatin Eurorack, wanda ake jera irin waɗannan sassa a cikinsa, zai tarar cewa ayyuka biyu ne suke cin mafi yawan tunaninsa da kuɗinsa. Na farko shi ne kai sigina daga inda aka samar da ita zuwa inda ake bukatarta, na biyu kuma shi ne tace ta domin a rage mata kaifi ko kauri. Ayyukan biyu suna zaune a kan allo ɗaya, suna shan wuta daga tushe ɗaya, amma abin da ake nema wurin kowannensu ya sha bamban. Hanya ana so ta zama ɗan aike mai amana, wanda ba ya ƙari kuma ba ya ragi a saƙon da aka ba shi. Matata kuwa halinta ake saye, kuma sau da yawa abin da injiniya zai kira aibi shi ne ainihin abin da makaɗi yake nema. Saboda haka shawarata ita ce a zuba tsantseni da kaya masu tsada a kan hanya, a sakar wa matata mara, domin na'urorin da suke ba masu su kunya galibi an juya musu wannan tsari ne.

Tantance abin da kowace waya za ta ɗauka

Kafin ka zana komai, ka ɗauki takarda ka rubuta kowace mashiga da kowace mafita da akwatin zai samu, sannan a gaban kowace ka rubuta irin siginar da za ta bi ta cikinta. Manyan iri biyu ne. Akwai siginar sauti, wadda take kaɗawa tsakanin haz 20 da haz dubu 20 (haz shi ne yawan kaɗawa a daƙiƙa ɗaya), iyakar abin da kunnen ɗan Adam yake ji, akwai kuma boltejin sarrafawa, wanda ba a jin sa, amma shi ne yake gaya wa sauran sassan na'urar muryar da za su fitar, da lokacin da matata za ta buɗe, da lokacin da sauti zai ɗauke. A tsarin Eurorack, wanda Dieter Doepfer na Jamus ya assasa a tsakiyar shekarun 1990 da jerinsa na A-100, siginar sauti takan yi lilo tsakanin bolt 5 sama da sifili da bolt 5 ƙasa da shi, boltejin murya kuma yana bin ƙa'idar bolt ɗaya ga kowace oktaf. Tun da oktaf tana da matakai 12, wato maɓallan fiyano 12 farare da baƙaƙe, tazarar da ke tsakanin maɓalli da maƙwabcinsa milibolt 83 ce kacal da 'yan ɗigo. Ka riƙe wannan adadi, domin da shi za ka auna kusan kowace shawara ta ɓangaren hanya.

A kan ko ya kamata iri biyun nan su bi hanya ɗaya, magabatan sana'ar sun rabu gida biyu. Don Buchla, wanda ya ƙera na'urarsa ta farko a tsakiyar shekarun 1960 domin San Francisco Tape Music Center, ya raba su sarai, inda sauti yake bin ƙananan jak masu garkuwa, boltejin sarrafawa kuma yake bin fulogin da ake kira banana. Robert Moog a jihar New York ya bi da duka biyun ta jak iri ɗaya, kuma Doepfer ya bi sawunsa da jak na milimita 3.5. Ribar rabawa ita ce kowace hanya za a ƙera ta daidai da kayanta. Ribar haɗawa kuwa ita ce makaɗi zai iya cusa sauti a mashigar sarrafawa, ya girgiza matata ɗaruruwan sau a daƙiƙa, ya sami amo irin na ƙarfe da ƙararrawa wanda babu wata hanyar samun sa cikin sauƙi.

Idan ka zaɓi haɗawa, to ka amince da sharaɗi guda: babu kafasito a jere a kan hanyoyinka. Kafasiton da aka sa a jere yana tare wutar da take tsaye, ya bar mai kaɗawa ta wuce, abin da yake da kyau ga sauti domin yana kawar da karkatar da ke haddasa ƙas idan an canza hanya, amma yana kashe boltejin murya, wanda sau da yawa tsayawa yake yi cak a wuri ɗaya har tsawon daƙiƙoƙi. Wurin kafasito shi ne mashigar sauti ta matata. A can ma sai ka yi lissafi, domin idan turjiyar mashigar, wato gwargwadon yadda take tare wuta, kilo-om 100 ce, kafasito na nanofarad 100 zai fara yankewa a wajen haz 16, wanda ya yi kusa da kaurin da ake ji, na maikurofarad ɗaya kuma zai saukar da wurin yankan zuwa haz 1.6.

Raba sigina ɗaya zuwa wurare da yawa

Mafi arahar abin da ake ƙerawa a wannan fanni shi ne jak huɗu da aka haɗa da waya ɗaya, ba wuta, ba aisi (ɗan ƙaramin guntu mai ƙafafu da yake ɗauke da da'irar lantarki a cikinsa), ba abin da zai lalace. Yana aiki sosai ga sauti da siginar bugun lokaci, kuma ban ga dalilin kashe kuɗi fiye da haka a kansu ba. Ga boltejin murya kuwa, araha ba ta ado. A al'ada mafitar modul tana da razisto na kilo-om ɗaya, wanda aka sa domin kare ta idan bakin fulogi ya taɓa layin ƙasa yayin cusawa ko idan an haɗa mafita biyu bisa kuskure, mashiga kuma tana da turjiyar kilo-om 100. Mashiga ɗaya tana cinye kusan kashi 1 cikin 100 na boltejin. Idan ka rataya mashigai huɗu, turjiyarsu a haɗe ta koma kilo-om 25, asarar kuma ta kusa kashi 4 cikin 100, wanda a bolt 5 ya haura milibolt 190, wato fiye da maɓallan fiyano biyu. Abin takaicin shi ne kuskuren ba daidai yake a ko'ina ba: ƙananan muryoyi za su fito lafiya, sai an hau sama na'urar ta fara ƙarya, kuma duk lokacin da aka zare waya ɗaya ko aka ƙara wata sai lissafin ya sake.

Maganinsa shi ne bafa, wato aisi mai ƙara ƙarfi, wanda masu sana'ar suke kira ofam, da aka ɗaura domin ya maimaita boltejin da ya shigo ba tare da ya ja wuta daga tushensa ba. TL074 guda yana ɗauke da ofam huɗu, mashigarsa kuma kusan ba ta jan komai. Sai dai kada ka maimaita kuskuren da ka gudu daga gare shi ta hanyar liƙa razisto na kilo-om ɗaya bayan bafan. Ka sa raziston kariya a cikin zagayen da yake mayar da sigina baya zuwa ofam, domin ofam ɗin ya auna boltejin a bakin jak ya cike gibin da kansa, sannan ka ƙara ɗan ƙaramin kafasito daga mafitar ofam zuwa mashigarsa mai juyawa, in ba haka ba doguwar waya za ta iya sa shi ya fara kaɗawa shi kaɗai. Duk inda boltejin murya zai bi ta razistoci, kamar wurin da ake tara boltej biyu, ka sayi masu daidaiton kashi 0.1 cikin 100. Na kashi 1 cikin 100 zai iya kauce wa gaskiya da milibolt 50 a oktaf ta biyar, fiye da rabin maɓalli ke nan, alhali bambancin kuɗinsu bai taka kara ya karya ba idan guda huɗu ko shida kawai kake bukata.

Waya, allon ramuka, ko makunnin lantarki

A nan ne za ka yanke yadda makaɗi zai taɓa na'urar, kuma babu zaɓin da ba shi da haraji. Waya mai jak ita ce ta fi 'yanci, tana da garkuwa, kuma soket ɗinta yana iya ɗaukar ɓoyayyen makunni wanda yake riƙe wata haɗuwa ta asali har sai an cusa fulogi. Da wannan dabara aka gina ARP 2600 ta 1971 da Korg MS-20 ta 1978, na'urorin da suke fitar da sauti ko ba a cusa waya ko ɗaya ba. Ina ganin duk ƙaramin akwati ya cancanci irin wannan haɗuwar asali, ko da daga mafitar mahaɗar sauti ce zuwa mashigar matata, domin tana rage cunkoson wayoyi a fuskar da ba ta da fili. Ka tuna dai cewa wannan ɓoyayyen makunni ɗan siririn ƙarfe ne mai dogaro da matsi, kuma shi ne yake fara gajiya, musamman inda ƙurar hunturu take shiga ko'ina.

Fulogin banana, wanda Serge Tcherepnin ya gina dukan tsarinsa a kai tun farkon shekarun 1970, yana da ƙarfi, kuma ana iya ɗora wani a bayan wani, don haka ba a bukatar modul na rabawa. Amma waya ɗaya tak yake ɗauka, ba garkuwa, ba layin ƙasa, ba ɓoyayyen makunni, kuma idan za a haɗa akwatuna biyu dole a ja musu wayar ƙasa ta daban.

Allon ramuka shi ne ya fi burge ido. Na'urar VCS3 da kamfanin EMS na Landan ya fitar a 1969 tana da layuka 16 a tsaye da 16 a kwance, ramuka 256 ke nan, kuma duk inda aka soka ƙaramin fil an haɗa mafita da mashiga. Ba igiyoyin da za su rufe maɓallai, kuma kallo ɗaya ya isa a gane yadda aka tsara sautin. Harajinsa shi ne kowane fil yana ɗauke da razisto a cikinsa, layukan kuma ba su da bafa, don haka ƙara fil ɗaya yakan taɓa ƙarfin sauran, har murya ta gusa. ARP 2500 ta 1970 ta yi amfani da makunnai masu zamewa a madadin fil, ita kuma ta yi suna da yoyon sigina daga layi zuwa maƙwabcinsa. Idan ka ƙuduri aniyar yin allon ramuka a yau, ka ba kowane layin mafita bafansa, kowane layin mashiga kuma ya ƙare a ofam mai tarawa, wanda yake riƙe mahaɗar a sifili domin kada wata sigina ta koma baya ta layin wata. A allo mai layuka 8 da 8 wannan yana nufin ofam 16 kafin ma ka gyara juyawar da mai tarawa yake yi wa sigina, kuma kowannensu yana jan wajen miliamfiya ɗaya da rabi.

Makunnin lantarki shi kaɗai ne yake ba da damar canza hanya da bugun lokaci ko ajiye tsari a ƙwaƙwalwa. CD4051, mai zaɓen hanya ɗaya cikin 8, da CD4066, mai makunnai huɗu, suna da araha kuma ana samun su cikin sauƙi, amma suna da iyakoki uku da ya wajaba ka sani. Ba sa jure bolt 24 da ke tsakanin layukan wutar Eurorack na bolt 12 sama da 12 ƙasa, don haka sai ka rage musu wuta, ka kuma tabbatar siginar ba ta tsallake wutar da ka ba su ba. Turjiyarsu idan suna kunne ta kai om ɗari ko fiye, kuma tana canzawa da girman siginar, abin da yake murɗa sauti idan nauyin da ke gabansu mai yawa ne; bafa nan da nan bayan makunnin yana kusan shafe wannan matsala. Na uku, duk lokacin da suka buɗe ko suka rufe sukan watsa ɗan cajin lantarki cikin siginar. Dangin DG408 da DG412 suna karɓar cikakkiyar wutar akwatin kai tsaye, a kan kuɗi mafi yawa, kuma ga hanyar boltejin murya su nake zaɓa. Akwai kuma aisin da yake ɗauke da allon mahaɗa sukutum, irin su MT8816 da AD75019, ga wanda ya shirya rubuta manhajar da za ta tafiyar da su.

Ko makunnin da ya fi kowanne tsafta zai yi ƙas idan ya yanke sauti a tsakiyar kaɗawarsa, domin tsallen da boltej ya yi shi kansa sauti ne. Idan ana bukatar sauyi mai santsi, to ba makunni ake nema ba, sai dai amfilifaya biyu masu bin boltej, ɗaya yana sauka ɗaya yana hawa cikin 'yan milidaƙiƙoƙi, kuma wannan ya ninka kayan aikin.

Wani abu da ake yawan mantawa da shi shi ne rufin mahaɗar sauti. Ofam irin TL072 da yake shan bolt 12 sama da ƙasa ba ya iya fitar da fiye da bolt 10 da ɗoriya. Sigina uku masu bolt 5 idan suka haɗu a ƙololuwarsu bolt 15 suke nema, sai kan siginar ya gutsure. Ko dai ka rage ƙarfin kowace mashiga da rabi, ka yarda cewa sigina ɗaya tilo za ta fito a raunane, ko ka bar su yadda suke ka ba makaɗi mamurɗi, wanda masu gyaran rediyo suke kira bolum, ya kula da kansa. Ga mahaɗar da za ta tara boltejin murya, ƙarfi ɗaya bisa ɗaya ne kawai yake da ma'ana.

Matata, inda aibi yake zama ado

Tambayar farko ita ce tsananin yanka. Kowane mataki na razisto da kafasito yana rage desibel 6, ma'aunin ƙarfin sauti, a kowace oktaf bayan wurin yanka, don haka matata mai matakai biyu tana rage 12, mai huɗu kuma 24. Mai huɗu tana rufe kaifi ruf, ta bar sauti mai duhu da nauyi, mai biyu kuma tana barin ɗan haske ya tsira, abin da ya fi dacewa da sautukan da ake shimfiɗawa a bayan waƙa.

Matatar tsani ta Moog, wadda aka ba shi haƙƙin mallakarta a 1969, tiranzistoci ne bibbiyu da aka jera sama da juna, kafasitoci huɗu kuma suna gicciye tsakaninsu kamar matakalar tsani. Kowane mataki yana jinkirta siginar da digiri 45 a wurin yanka, huɗun suka tashi 180, don haka idan aka mayar da wani kaso na mafita baya a juye, sai ya ƙarfafa daidai wurin yankan, abin da ake kira rezonans. Matsalar ita ce wannan mayarwar tana danne duk abin da ke ƙasa da wurin yankan, kuma lokacin da matatar ta kai bakin fara kuka da kanta, kaurin ya sauka zuwa kashi ɗaya cikin biyar, wajen desibel 14. Ana iya cike wannan gibi ta hanyar zuba wani kaso na siginar shigowa cikin hanyar mayarwa, amma hakan yana ƙara matsa wa tiranzistocin lamba, ya kuma canza halin da aka san tsanin da shi. Idan akwatinka na sautin bas ne, ka sa wannan gyara a kan makunni maimakon ka yanke wa makaɗi hukunci. Ka kuma ware lokacin auna tiranzistoci da mita kana haɗa masu kama da juna, aƙalla na ƙasa da na saman tsanin, domin rashin daidaitonsu shi ne yake sa boltejin sarrafawa ya yoyo cikin sauti, a ji dum duk lokacin da matatar ta buɗe da sauri.

Tsari na biyu shi ne wanda Oberheim SEM ta 1974 ta shahara da shi, mai matakai biyu a cikin zagaye ɗaya, wanda yake ba da mafita uku a lokaci guda: mai rage kaifi, mai rage kauri, da mai barin tsakiya kawai. Rezonans ɗinsa ba ya cin kauri, kuma ƙera shi da aisin LM13700 guda da TL074 guda abu ne da mai koyo zai iya. Yankansa dai desibel 12 ne, kuma kowace mafita tana neman jak ɗinta a fuskar da ake auna faɗinta da ma'aunin milimita 5.08. Tsari na uku, irin na MS-20, ya fi su ƙarancin kaya, yana kuma da dayod a hanyar mayarwa waɗanda suke gutsure rezonans idan ya yi ƙarfi, daga nan ne ihunsa mai kaushi yake fitowa. A takarda wannan murɗiya ce tsagwaronta, a kunne kuwa ita ce dalilin da ya sa har yau ake kwaikwayon na'urar.

Bayan tsari sai abin da zai motsa wurin yankan. Aisin da yake ɗauke da matata gaba ɗaya, kamar CEM3320 ko kwafinsa na zamani AS3320, yana rage aiki, kuma shi ne mafita idan kana son matatu da yawa su yi murya iri ɗaya. Abin da ya sa ke nan Prophet-5 ta 1978, mai muryoyi biyar, ta dogara da aisi, da farko na kamfanin SSM, daga baya na kamfanin Curtis, mai yin CEM3320, kuma har yau makaɗa ba su daina gardamar wanne ya fi daɗi ba. Haɗarin shi ne ka gina na'urarka a kan aisin da sai an yi odarsa daga waje, wanda kuma kamfani zai iya daina yinsa, kamar yadda ya faru da CA3080. Ka ɗora irin waɗannan a kan soket, kada ka liƙa su da dalma kai tsaye. Akwai kuma baktirol, ƙaramin kwano mai ɗauke da fitila da razisto mai jin haske, wanda Buchla ya yi amfani da shi a ƙofarsa mai rage kaifi da ƙarfi tare. Yana buɗewa da sauri ya rufe a hankali, sai sautin ya yi kama da bugun itace, amma da wuya ka sami guda biyu masu hali ɗaya, kuma sinadarin kadmiyom da ke cikinsa yana cikin waɗanda dokokin Tarayyar Turai suka taƙaita.

Shawarar da ta fi kowace tasiri a kan sautin matata, a ganina, ita ce girman siginar da ake ba ta. Tiranzistoci biyun da ke bakin tsani ko bakin LM13700 suna tafiya a miƙe ne kawai cikin 'yan milibolt, wajen goma zuwa ashirin, don haka dole a rage siginar bolt 5 sau ɗaruruwa kafin ta shiga, sannan a sake ɗaga ta bayan ta fito. Razisto na kilo-om 100 da na om 220 suna saukar da bolt 5 zuwa kusan milibolt 11. Idan ka rage fiye da haka, sautin zai yi tsafta, amma hucin da ke ƙarƙashinsa zai taso tare da shi lokacin ɗagawa. Idan ka ƙara girman siginar, hucin zai ɓuya, sautin ya yi kauri da ɗumi, rezonans kuma ya lafa. Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Minimoog ta 1970 ta sami wani ɓangare na sunanta ne daga yadda mahaɗarta take tura matatar fiye da ƙima idan an buɗe muryoyinta uku. Saboda haka ka sa mamurɗi a mashigar matata, ka tsara shi yadda rabin juyi zai ba da tsafta, ƙarshensa kuma ya ba da murɗiya.

Ga kafasitocin da suke yanke wurin yanka, ka sayi nau'in da ake kira C0G ko na folifurofilin ko folistirin. Na X7R yana iya gusawa da kashi 15 cikin 100 tsakanin iyakokin zafinsa, ƙimarsa tana canzawa da boltej, kuma yakan ji bugun akwati kamar makirufo. Wurinsa shi ne gefen ƙafafun wutar aisi, nanofarad 100 ga kowace ƙafa.

Sai batun zafi, inda nake ba da shawarar sassauci. Da'irar da take mayar da bolt ɗaya zuwa oktaf ɗaya ta dogara da halin tiranzisto, wanda ma'auninsa yake gusawa da kusan kashi ɗaya bisa uku na kashi 1 cikin 100 a kowane digiri. Ɗakin da ya tashi daga digiri 20 da safe zuwa 35 da rana, abin da ba baƙo ba ne a Kano ko Zinder, zai gusar da ma'aunin da kashi 5 cikin 100. Ga na'urar samar da murya wannan bala'i ne, kuma dole a manna wa tiranzistocin razisto na musamman mai tashi da zafi daidai wannan gwargwado. Ga matata kuwa kunne ba zai lura ba, sai fa idan kana nufin a riƙa kaɗa kukanta a matsayin murya da maɓallan fiyano. Haka nan idan za ka sarrafa wurin yankan ta MIDI, tsarin saƙonnin da na'urorin kiɗa suke aika wa juna, ka san cewa saƙonsa na yau da kullum matakai 128 ne, waɗanda idan aka shimfiɗa su a kan oktaf goma kowanne ya kusa maɓalli guda, kuma za a ji matatar tana hawa kamar bene idan ba ka sa ɗan kafasito mai sulɓe boltejin ba, ko da yake shi ma yana rage saurin amsawa.

Wuta da gwaji

Tushen wuta mai taransifoma da aisin daidaita boltej 7812 da 7912 shiru gare shi, amma yana da nauyi, yana mayar da rarar wuta zafi, kuma idan wutar gari ta yi ƙasa har rarar bolt biyun da waɗannan aisi suke bukata ta ɓace, sai gurnanin haz 100 ya ɓullo cikin sauti, ninkin haz 50 na wutar Najeriya da Nijar. Tushe mai saurin kunnawa da kashewa, irin na cajar kwamfuta, yakan karɓi komai daga bolt 100 zuwa 240, wanda babban alheri ne ga mai aiki da janareta, sai dai yana zubar da hayaniya mai kaifi da sai an tace ta. A kan allon, ka nisanta layukan fitilu da na bugun lokaci daga mashigar matata, inda siginar take milibolt kaɗan, ka ba su hanyar komawa ƙasa ta daban, ka kuma sa dayod irin 1N5817 a kowane layin wuta domin ranar da aka juya kebur ɗin, wanda jan layinsa a tsarin Doepfer yake nuna bolt 12 na ƙasa da sifili.

Idan ka gama haɗawa, ka rufe akwatin, ka kunna shi ya yi minti 15 zuwa 20 kafin ka auna komai. Ka fara da hanya: ka cusa waya a dukan mafitun mai rabawa, ka ba shi bolt 1, sannan 3, sannan 5, kana gwada shigowa da fita da mita mai nuna milibolt, kuma duk bambancin da ya wuce milibolt biyu ko uku ka bi sawunsa. Daga nan ka tura sautin kilohaz 10 da cikakken ƙarfi ta layi ɗaya, ka saurari maƙwabcinsa da babu komai a kansa, domin yoyo ya fi bayyana a kaifi. A ƙarshe ka cire sauti daga matata, ka ɗaga rezonans har ta fara kuka, ka ba mashigar murya bolt 1 sannan bolt 3, ka murɗa ƙaramin raziston saiti har kukan na biyu ya zama ninki huɗu na na farko, sannan ka sake gwajin da tsakar rana ka rubuta yawan gusawar a jikin takardar zanenka.